Tsofaffin Masoyan Kano Pillars A Yammacin Zamfara Sun Fara Fid Da Rai

Shekara ta 2014 ce rabon ƙungiyar wasan ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars da ɗaukar kofin babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya. Daga wancan lokaci ƙungiyar ta ga abubuwa iri-iri. An harbi 'yan wasanta a kan hanya, an rufe mata filin wasa, an zabtare mata maki, har ma ta faɗa rukuni na biyu. Wanda bai sani ba zai ɗauka wannan damuwa ta mutanen Kano ce su kaɗai. Amma duk wanda ya zaga garuruwan yammacin Jihar Zamfara, watau ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, zai tarar da dattawa waɗanda suka yi shekara talatin ko fiye suna bin wannan ƙungiya da zuciya ɗaya, alhali kuwa waɗansunsu ba su taɓa taka ƙofar filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba. Da yawa daga cikin waɗannan dattawa sun fara fid da ran za su sāke ganin ranar da Masu Gida za su koma matsayinsu na dā.

Ɗaya daga cikinsu yana zaune ne a garin Nasarawa Burkullu, cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum. Tsohon malamin makarantar firamare ne, shekarunsa sun haura sittin, kuma tun da ya bar aiki ya koma ga noman gero da dawa kamar yadda ya tarar da iyayensa suna yi. Mutanen unguwarsu sun san shi da abu biyu: akwatin rediyo wanda ba ya rabuwa da shi, da kuma waɗansu tsofaffin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, inda yake rubuta sakamakon kowane wasa da Pillars ta yi, da sunan wanda ya ci ƙwallo, da garin da aka yi wasan. In gardama ta sarƙe a majalisa kan shekarar da aka yi kaza, gidansa ake aika yaro ya ɗauko littafi.

MAFARIN AL'AMARI

Sha'awar malamin ga ƙwallon ƙafa ta girmi Kano Pillars kanta. A cewarsa, ta faro ne a shekara ta 1978, yana ɗan makaranta, lokacin nan kuwa ƙasar Bukkuyum tana cikin Jihar Sakkwato. A wannan shekara ce ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta zama zakara a gasar ƙasa, shekara shida bayan Mighty Jets ta Jos ta ɗauki kofin farko na wannan gasa a 1972. A cikin watan Afrilu na shekarar kuma shahararren ɗan wasan nan na ƙasar Birazil, Pele, ya zo Kaduna ya sa rigar ƙungiyar Fluminense aka kara da Raccah Rovers. Yaran karkara ba su ga wannan wasa da idonsu ba, amma sun ji labarinsa a gidan rediyon Kaduna, kuma ya isa ya sa su yi imani cewa ɗan Arewa ma yana iya tsayawa fili ɗaya da kowa a duniya. Bayan shekara biyu sai ga Green Eagles ta ci Aljeriya 3 da nema a Ikko ta ɗauki Kofin Afirka na 1980, abin da ya ƙara hura wutar wasan a kowane lungu na ƙasar nan.

Raccah Rovers ba ta daɗe ba ta watse. Masoyanta suka koma ga Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofunan ƙalubale na Afirka a 1988, inda ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya ta doke ta, sa'an nan ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989. A shekara ta 1990, wadda a cikinta aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Kano Pillars. Tun daga ranar malamin ya buɗe littafinsa na farko.

Dalilin da ya sa mutumin Zamfara zai riƙi ƙungiyar Kano kamar tasa ba boyayye ba ne. Kano ce cibiyar ciniki da fataken wannan yanki suke zuwa sayen kaya, ita ce kuma inda almajirai da 'yan cirani da yawa suke yin rani. Duk wanda ya je ya komo yakan zo da labarin yadda birni ke ɗinkewa ranar wasa. Ga shi kuma 'yan wasan Pillars da yawa 'ya'yan talakawa ne masu sunaye irin na gida, waɗanda suka tashi suna buga ƙwallo a filayen unguwa ba takalmi.

LOKACIN DA RANA TAKE TSAKA

Shafukan da malamin ya fi son buɗewa su ne na tsakanin 2008 da 2014. A 2008 Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa karo na farko, a ƙarƙashin mai koyarwa Kadiri Ikhana. A shekarar da ta biyo ta shiga gasar zakarun Afirka, aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda a lokacin ita ce mai riƙe da kofin. Aka tashi 1 da 1 a Nijeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, Pillars ta wuce saboda yawan ƙwallayen da ta ci a waje. Ta ci gaba har wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar'uwarta Heartland ta Owerri ta fitar da ita. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 wani yaro mai suna Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, daga nan ya wuce ƙasar Holan.

Sa'an nan sai kofi uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A waɗannan shekaru sunayen Rabi'u Ali da Gambo Muhammad sun zama kamar na 'yan gida a bakin yaran Gummi da Anka. Filin wasa na Kano kuwa ya zama wurin da baƙo ba ya shiga ya fita da nasara, domin ƙungiyar ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba a wasannin gasa. Malamin ya ce a wannan zamani ne ya yi tafiyarsa ɗaya tak zuwa kallon wasa a Kano. Ya tashi da asuba, ya bi ta Anka ya faɗa babbar hanya a Mayanci, ya wuce Gusau da Tsafe da Funtuwa, ya kwana a gidan wani ɗan garinsu mai sayar da hatsi, washegari ya shiga fili tun kafin azahar don ya sami wurin zama. Har yanzu tikitin yana nan maƙale a cikin littafin wannan shekara.

INDA AKA FARA GANGARA

A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasan Pillars wuta a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suna kan hanyarsu ta zuwa Owerri, aka ji wa biyar daga cikinsu rauni, har da Gambo Muhammad. A watan Agusta na wannan shekara kuma Nasarawa United ta zo har Kano ta ci 2 da 1, ta kawo ƙarshen dogon tarihin nan na rashin shan kaye a gida. Masu iya magana sun ce in bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ƙungiyoyi suka daina jin tsoron zuwa Kano.

Wasan da malamin ya ce ya fi kowane ci masa rai shi ne na ƙarshe na gasar kofin ƙalubale a Asaba, a 2018. Pillars ta sa wa Enugu Rangers ƙwallo 3 ba ko ɗaya, har masoya sun fara shirin biki, sai Rangers ta farke dukansu kafin a tashi, ta kuma yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. An ɗan share hawaye a 2019, lokacin da Pillars ta doke Niger Tornadoes a Kaduna ta irin wannan bugu ta ɗauki kofin. Wannan shi ne babban kofi na ƙarshe da ya shiga littafin.

Da annobar korona ta zo a 2020, aka mai da filin wasa na Sani Abacha wurin killace masu cutar, ƙungiyar ta koma yin wasanninta na gida a Kaduna. A kakar 2022 rigingimun da aka yi a filin wasa suka jawo mata hukunci da zabtare maki, kuma da aka kammala gasar sai ta sami kanta cikin ƙungiyoyi huɗu da suka faɗa rukuni na biyu, bayan kimanin shekara ashirin tana sama. Ta komo a 2023 tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos. Ahmed Musa, wanda ya riga ya yi wasa a Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya, ya komo ya sa rigar ƙungiyar a 2024, a 2025 kuma Gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi babban manajanta. Masoya suka ce to, wataƙila an zo wurin. Sai kuma ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2025, lokacin da Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo dab da tashi, waɗansu 'yan kallo suka auka cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki 3, ta ci ta tara, ta kuma tura ta Katsina ta riƙa karɓar baƙuncin wasanninta a can.

A wannan rana malamin bai rubuta kome a littafinsa ba. Ya ce shan kaye bai taɓa sa shi ya ajiye alƙalami ba, domin wanda ya shiga fili ya san ɗayan biyu ne. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne ganin kuskuren da ya kai ƙungiyar ƙasa a 2022 an sāke maimaita shi bayan shekara uku kacal, kuma daga hannun waɗanda suke kiran kansu masoyanta.

TA GIDA MA BA TA TSIRA BA

Mai karatu zai iya tambaya, ina ƙungiyar jiharsu? Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, jihar ta sami ƙungiyarta, Zamfara United, mai wasa a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau. Ta yi shekaru tana cikin babbar gasa a shekarun 2000, kuma a wannan lokaci mutanen yammacin jihar sukan yi ayari a motar haya su je Gusau, musamman ranar da Pillars ko Enyimba za ta zo. Malamin ya ce a irin wannan rana yakan rasa inda zai sa kansa, ga ta gida ga ta zuciya, sai ya yi ta addu'ar a tashi kunnen doki. A 2011 Zamfara United ta faɗa rukuni na biyu, kuma har zuwa kakar wasa ta 2025 ba ta komo babbar gasa ba. Watau yaron da aka haifa a Bukkuyum a shekarar da ta faɗi ya kai munzalin shiga babbar sakandare bai taɓa ganin wasan babbar gasa a jiharsa ba.

Ko da ma tana nan, hanyar ba kamar dā take ba. Wannan yanki ya sha wahalhalu waɗanda suka fi ƙwallo nauyi nesa ba kusa ba. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bayan haka matsalar 'yan bindiga ta mamaye ƙasar, ta raba mutane da gonakinsu da dabbobinsu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula a jihar, aka kuma dakatar da cin kasuwannin mako, a watan Janairu na 2022 kuma aka yi mummunan kisa a waɗansu ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu. A irin wannan hali babu magidancin da zai bar iyalinsa ya kama hanyar Gusau, balle Kano, don kallon wasa na minti casa'in. Malamin ya tuna cewa a watannin da babu waya, tsohuwar rediyonsa ce ta koma hanyar jin sakamakon wasa, har samarin da suke yi masa dariya suka riƙa zuwa ƙofar gidansa da daddare.

SAMARI SUN JUYA BAYA

Babban abin da ke damun dattawan shi ne rashin magada. A gidajen kallo na Nasarawa Burkullu da Gummi da Anka, inda ake tayar da janareta a karɓi kuɗin shiga, wasannin Ingila da Sifen ne suke cika benci. Samari sun kasu tsakanin Arsenal da Chelsea da Manchester United da Real Madrid da Barcelona, sun san sunan kowane ɗan wasa da kuɗin da aka saye shi. In aka tambaye su wa ke tsaron gidan Pillars, kaɗan ne za su amsa. Jikokin malamin ma suna cikinsu. Ya ce ba ya ganin laifinsu, domin ido abin da ya gani yake so. Wasan Turai yana zuwa a kan lokaci, hoto tangaran, fili kore shar, wasan gida kuwa sau da yawa sai dai a ji sakamako bayan an tashi.

Akwai hasara a cikin wannan wadda ta wuce ta nishaɗi. Ƙungiyar gida ita ce tsanin da yaron karkara yake hawa. Ahmed Musa ta Jos da Kano ya bi kafin duniya ta san shi, Daniel Amokachi kuma ta Ranchers Bees. In ƙungiyoyin Arewa suka raunana, masu neman 'yan wasa ba za su zo ba, yaro mai baiwa a Bukkuyum kuwa ba shi da kuɗin motar zuwa Ikko ya nuna kansa. Abin da ya rage masa shi ne ramin zinariya ko acaba, ko kuwa abin da ya fi waɗannan muni.

ME YA JAWO?

Masu bin al'amuran wasanni sun daɗe suna nuna cewa yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan mallakar gwamnatocin jihohi ne, har da Pillars da Zamfara United. Amfanin wannan shi ne ƙungiya ba ta mutuwa farat ɗaya kamar yadda Raccah Rovers ta yi. Illarsa kuwa ita ce rayuwarta tana rataye ga kasafin kuɗi da ra'ayin wanda ke kan mulki. In gwamnati ta sauya sai a sauya shugabannin ƙungiya, su kuma su kawo nasu mai koyarwa, shi kuma ya zo da nasa 'yan wasa, a koma farawa daga tushe. Ƙungiyar da ba ta da tabbacin shugabanci na shekara biyar ba ta iya renon yaro daga shekara goma sha huɗu har ya kai ga buga babbar gasa. Ga kuma kukan jinkirin albashi da alawus da ake yawan ji daga ƙungiyoyi dabam-dabam, wanda ke sa ƙwararrun 'yan wasa su tsallaka ƙasashen waje da zarar sun sami hanya, ko da kuwa ƙasar ba ta kai Nijeriya suna a ƙwallo ba.

Abin lura shi ne ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar a 2025, Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, ta ɗan kasuwa ce. Tana da filinta da makarantar renon yara, ta kuma yi ta biyu sau biyu a jere kafin ta kai ga kofin. Garin Ikenne bai kai unguwa ɗaya ta birnin Kano yawan jama'a ba. Wannan ya nuna cewa yawan 'yan kallo, wanda Pillars ta fi kusan kowa, ba ya ɗaukar kofi sai an haɗa shi da tsari. A Arewa, Plateau United ce ta ƙarshe da ta zama zakara bayan Pillars, a 2017.

KO DA SAURAN FATA?

Abokan malamin sukan ba shi haƙuri da labarin waɗansu ƙasashe. Liverpool ta Ingila ta yi shekara 30, daga 1990 zuwa 2020, ba ta ɗauki kofin gasar ƙasarta ba. A Amurka ma, a wasan nan nasu na ƙwallon gora da ake kira besbol, ƙungiyar Chicago Cubs ta jira shekara 108, daga 1908 har 2016, masoyanta kaka ya mutu ya bar wa jika jiran. Amsar da yakan ba su ita ce waɗancan sun jira ne filayensu a cike, yara suna tasowa suna karɓar tuta daga hannun iyaye, saboda haka ranar da nasara ta zo ta tarar da masu murna. Tsoronsa shi ne ranar da Pillars za ta farfaɗo a tarar babu wanda ya damu a garuruwa irin nasu. Ya kuma ƙara da cewa mai shekara sittin da ɗoriya ba ya lissafin jira irin na saurayi.

Duk da haka akwai alamun da ba za a raina ba. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, daga jihar da ta fi kowace shan wahalar rashin tsaro, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2024, shekara 32 bayan na ƙarshe da ta ɗauka a 1992. A 2025 Kano ta sami ƙungiya ta biyu a babbar gasa, Barau FC, Wikki Tourists ta Bauchi kuma ta komo. Har yanzu in Pillars ta yi wasa a Kano ƙofa a buɗe, jama'a suna cika fili.

Abin da dattawan yammacin Zamfara suke roƙo bai fi ƙarfin hukuma ba. Suna son gidajen rediyon jihohi su koma kawo wasannin gida kai tsaye da harshen Hausa, domin rediyo ce har gobe take kaiwa inda talabijin ba ta kai. Suna son a farfaɗo da gasar makarantun firamare da sakandare da ta ƙananan hukumomi, a duk inda tsaro ya samu, don masu koyarwa na Gusau su san akwai yara a Gummi da Anka da Bukkuyum. Suna son a ba Zamfara United shugabanci mai ɗorewa da kuɗin da za a riƙa saki a kan kari. Ga Kano kuwa, roƙonsu ga shugabannin ƙungiyar magoya baya ne da jami'an tsaro, su tsare ƙofofi su fid da ɓata-gari, su miƙa duk wanda ya taɓa alƙalin wasa ga shari'a, domin maki ukun da aka zabtare a ofis daidai yake da wasa guda da 'yan wasa suka yi gumi suka ci. Sauran aikin yana hannun gwamnatocin jihohin biyu da hukumar gasar, kuma sabuwar kakar wasa ba ta jiran kowa.